Gonar kwakwar manja hekta biyar: ina za a kafa ta, wane iri za a dasa, kuma yaushe za a sayi inji?

Wani ɗan kasuwa da ke sayo manja daga Kudu yana kaiwa Kano ya aiko da tambaya. Ya tara jari, yana so ya kafa gonar kwakwar manja hekta biyar tare da ƙaramin injin matsa, don ya rage dogaro da masu sayar masa. Yana son sanin ko za ta yi a Arewa idan an haɗa da ban ruwa, wane iri zai nema, shekara nawa zai jira, kuma jarka nawa zai riƙa samu.

Alhaji, Allah ya sa wa niyyar albarka. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, kwakwa itace ce da za ka zauna da ita shekara 25, kuma manyan kurakuranta biyu, wato wuri da iri, ba sa bayyana sai bayan shekara uku ko huɗu, lokacin da gyara ya zama sarewa da sake dashe. A kan waɗannan biyun ya kamata kuɗinka da hankalinka su fara sauka. Inji shi ne abu na ƙarshe, kuma zan nuna maka dalili da lissafi.

Batun yi a Kano, amsar ita ce a'a, in dai kasuwanci kake nufi. Kwakwa tana son ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, ya rarrabu cikin watanni, kada rani ya wuce wata uku. Kano ba ta cika kai rabin wannan ba, kuma a wata huɗu zuwa biyar yake zuba duka. Babbar kwakwa ɗaya tana iya buƙatar lita 300 a rana a lokacin zafi. Hekta biyar itace 715 ce, ka ga lita sama da 200,000 ke nan kullum, tsawon wata bakwai. Ko ka samu ruwan, akwai hunturu: idan iska ta bushe sosai, ƙofofin numfashin ganyen sukan rufe ko da ƙasa na jiƙe, itacen ya daina haɗa abinci. Za ta rayu, ta yi kore, har ta ɗan yi nono, wato curin 'ya'yan da ake matse manja daga gare su, amma abin da za ta bayar ba zai biya kuɗin mai na famfo ba.

Ga yadda fari yake cutar da ita, kuma wannan ya shafi har gonakin Kudu. Kwakwa tana fitar da fure namiji da fure mace a itace ɗaya, kowanne a hammatar reshensa. Jinsin furen yana tabbata ne kimanin shekara biyu kafin a yanke nonon. Idan itacen ya sha ƙishi ko yunwa a wannan lokacin, sai ya karkata ga furanni maza, waɗanda ba sa ba da komai sai garin barbara. Wasu furannin kuma zubewa suke yi kamar wata goma kafin girbi. Shi ya sa manomi yakan ga gonarsa ta ja baya a shekarar da aka yi ruwa mai kyau, ya rasa dalili, alhali ranin shekara biyu da suka wuce ne yake karɓar bashinsa.

Inda take yi sosai a Najeriya shi ne Edo, Ondo, Delta, Imo, Abiya, Ribas, Akwa Ibom da Kuros Riba. Idan kana son kusa da gida, akwai gabashin Kogi wajen Ankpa da Dekina, wasu sassan Binuwai da Nasarawa, kudancin Taraba, da kurmin kudancin Kaduna. A waɗannan wuraren rani ya fi tsawo, don haka ka sa ran amfani ƙasa da na Edo, kuma ka zaɓi gindin kwari mai ƙasa mai zurfi, ba tudu mai marmara ba. Ka haƙa rami mita ɗaya a wurare da dama cikin filin kafin ka biya. Idan ka ci karo da dutse ko marmara kafin ka kai, ko ruwa ya kwanta a ramin kwana da kwanaki, bar filin. Tana jure ƙasa mai ɗan tsami, amma ba ta jure saiwarta ta zauna cikin ruwa.

Maganar fili kuwa, kada ka yi ta da baki. A yawancin garuruwan Kudu ƙasa ta dangi ce ko ta gari, kuma dasa itace mai daɗewa kamar kafa hujjar mallaka ne a wurinsu, shi ya sa rikici kan taso daidai lokacin da gona ta fara kawowa. Ka sa a yi safiyo, a rubuta yarjejeniya da sa hannun duk masu haƙƙi da sarkin gari, a gaban lauya, wa'adin haya kada ya gaza shekara 30, kuma a bayyana ƙarara wa ke da itatuwan.

Yanzu iri, inda aka fi cutar mutane. Kwakwar manja kashi uku ce bisa kaurin ƙoƙon da ke rufe kwara. Dura tana da ƙoƙo mai kauri, milimita 2 zuwa 8, tsokarta kaɗan; yawancin kwakwar daji ita ce. Pisifera ba ta da ƙoƙo, kuma galibi nononta ruɓewa yake kafin ya nuna. Tenera ita ce 'yar da ake samu idan an barbari uwa dura da garin furen pisifera: ƙoƙo siriri, tsoka mai yawa, kuma cikin tsokar nan manja yake. An gano wannan gado ne a tashar bincike ta Yangambi a Kwango wajen 1941, kuma daga baya tenera ta zama irin da gonakin kasuwanci a duniya suke dasawa.

Tarkon yana nan: 'ya'yan tenera ba sa maimaita uwarsu. Idan aka tsinci 'ya'yan da suka faɗo a gindin tenera mafi kyau aka shuka, cikin kowane huɗu, ɗaya zai fito dura, biyu tenera, ɗaya pisifera. Wato kashi ɗaya cikin huɗu na gonarka zai ci taki shekara da shekaru ba ya ba da komai, wani kashi ɗayan kuma ya ba da manja kaɗan. Masu sayar da dashe a bakin titi da yawa irin wannan suke cirowa su sa a leda su ce maka tenera ce, kuma ba ƙarya tsagwaro suka yi ba, tun da uwar tenera ce. Babu wanda zai iya bambanta su da ido a cikin leda, ko masani ne. Sai ta yi nono za ka ɗauki ɗa ɗaya ka raba shi biyu a kwance da adda: idan ka ga baƙin ƙoƙo siriri da ɗigo-ɗigon baƙin zare sun kewaye shi kamar zobe cikin jar tsoka, tenera ce, idan ƙoƙon ya yi kauri babu zoben, dura ce.

Don haka ka sayi irin da aka tsirar daga inda ake haɗa barbarar da hannu. A Najeriya cibiyar binciken kwakwa ta NIFOR da ke kusa da birnin Benin ita ce tushe. Ta fara aiki a 1939, ta ɗauki wannan sunan a 1964. Manyan kamfanonin gonaki ma wasu suna sayar da dashe daga irin da suka shigo da shi. Ka je da kanka ko ka aika wanda ka amince da shi, ka karɓi rasit da takardar shaidar irin, domin da sunan cibiyar ma ana sayar da jabu. Ka tambaya ko irin yana jure ciwon bushewa na fusariyam, wanda shi ne babban ciwon kwakwa a Afirka ta Yamma. Yana cikin ƙasa, ba shi da magani sai iri mai juriya.

Tun da maganar iri ake, akwai zancen da ake yawan yi cewa Malesiya daga Najeriya ta ɗauki kwakwa ta zo ta wuce mu. Asalin itacen na Afirka ta Yamma ne, gaskiya, kuma an yi musayar iri don bincike daga baya. Amma gonakin Asiya sun samo tushe ne daga dashe huɗu da aka kai lambun Bogor a tsibirin Java a 1848, kuma Malesiya ta kafa gonar kasuwanci ta farko a 1917. Abin da ya sa Indunisiya da Malesiya suke samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na manjan duniya yau, bayan Najeriya ta kasance a sahun gaba a farkon shekarun 1960, shi ne ruwan sama mai rarrabuwa, da tenera zalla, da taki, da masana'antar da ke matse nono a ranar da aka yanke shi.

Ga hekta biyar ka sayi iri 950 zuwa 1,000, ba 715 ba, domin wajibi ne ka zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Irin da ya tsiro yana da farin tsiro biyu, ɗaya saiwa ɗaya kai. Saiwar takan fi tsawo, bakinta ya ɗan yi duhu. Ita ke kallon ƙasa, a zurfin santimita biyu. Ma'aikacin da bai sani ba idan ya kifa shi, dashen murɗewa zai yi. Wata uku a ƙaramar leda a inuwa, sannan a mayar babbar leda a fili, a jera su da tazarar santimita 90, su yi wata bakwai zuwa tara. A rani kowace leda tana son lita ɗaya zuwa biyu kullum. Duk wanda ya tsumbure, ko ganyensa ya ƙi buɗewa, ko ya miƙe tsaye kamar tsintsiya, ko ya yi fari-fari, a cire shi a lalata. Kada tausayin kuɗin da ka kashe ya sa ka dasa shi. Idan ba ka da mai kula da reno, sayen dashe mai wata goma zuwa sha biyu daga wuri mai shaida ya fi maka.

Ana dasawa da zarar damina ta kankama, Afrilu zuwa Yuni a Kudu. Tazara mita tara ta kowane gefe, a tsarin kusurwa uku, ita ke ba da itace 143 a hekta. A ja layin farko daga arewa zuwa kudu, a kafa turaku duk mita tara. Sai a ɗauki igiya biyu masu mita tara, a ɗaura a turaku biyu maƙwabta, inda bakinsu ya haɗu nan ne turken layi na biyu. Tsakanin layi da layi zai zama mita 7.8. Mutane sukan matse tazarar don su ƙara itace. Shekarun farko abin yana burgewa, amma daga shekara ta bakwai ko takwas rassa su haɗe, itatuwan su riƙa tseren tsawo don neman rana, nono ya ragu. A yanke ledar, kada ƙasar ta warwatse, a sa wuyan dashen daidai da fuskar ƙasa. Sannan a kewaye kowanne da ragar waya mai tsayin kamar santimita 45 a kafe ta da ƙasa, domin gyazbi yana iya cinye zuciyar dashe da dama a dare ɗaya.

Shekara biyu zuwa uku na farko kana iya shuka masara, wake, gyaɗa ko agushi a tsakani, su rage maka kuɗin noma. Rogo yana da kwaɗayin fotash kamar kwakwar kanta, yana kuma yi mata inuwa da jawo ɓeraye. In dole ne, a nisanta shi mita biyu zuwa uku. Gindin kowace itace a share shi da'ira. Tofa a yaƙe ta tun tana ƙarama, kuma kafin kowane rani a share hanyar kare gobara a kewaye gonar, domin wuta ɗaya tana mayar da aikin shekara uku toka.

Taki shi ne inda ƙananan manoma suka fi gazawa. Kowane nono da aka fitar daga gona yana tafiya da fotash mai yawa, ƙasar Kudu kuwa yawanci yashi ce mai ƙarancinsa. Takin da ya dace shi ne NPK mai magnesiyam, 12-12-17-2. A ƙiyasi, rabin kilo zuwa kilo ɗaya ga kowace itace a shekarar farko, kilo ɗaya da rabi a ta biyu, kilo biyu a ta uku. Babba kuwa kilo uku ko fiye, yawanci da ƙarin jan takin fotash. Gwajin ƙasa da na ganye shi zai daidaita maka adadin. A raba shi biyu, farkon damina da wajen Satumba, ba a tsakiyar ruwan Yuli da zai wanke shi ba. A watsa shi da'ira daidai inda bakin rassa ya kai, kada a tara a gindi. Ganyen yana faɗa maka abin da ya rasa: ɗigo-ɗigo ruwan lemo a tsofaffin rassa rashin fotash ne, tsofaffin ganyen da rana ke bugu su yi rawaya alhali na inuwa suna kore, magnesiyam ne, bakin sabon ganye ya lanƙwashe kamar ƙugiya, boron ne, kuma giram 50 zuwa 100 na boraks, garin da ke ɗauke da boron, ga kowace itace a shekara yana isa. Kada a bar masu neman tsintsiya ko rufin rumfa su sare ɗanyun rassa. Itace mai ba da nono tana son rassa 35 zuwa 45 a kanta, kuma a bar aƙalla ɗaya ko biyu a ƙarƙashin nonon da ya fi ƙasa. Raunin sara kuma shi ne ƙofar da ƙwaron da ke ɓarke zuciyar kwakwa yake shiga ya yi ƙwai.

Tenera da ta samu kulawa tana fara ba da nono a wata 30 zuwa 36, ƙanana masu kilo biyu zuwa huɗu. Ba ta kai ƙarfinta sai shekara ta bakwai zuwa ta tara. Wanda ya ce maka za ka mayar da jarinka a shekara ta huɗu, dashe yake son sayar maka.

Daga barbara zuwa nuna wata biyar zuwa shida ne, kuma yawancin man yana taruwa ne a makonnin ƙarshe. Nonon da aka yanke da saura mako biyu ya nuna ya yi asarar mai da yawa, kuma ba ya ƙara ko ɗigo bayan an yanke shi, ko da ya yi ja a ajiye. Launi yana yaudara. Alamar da ake bi ita ce 'ya'yan da suka faɗo da kansu. Idan ka ga uku zuwa biyar a gindi, nonon ya yi. A zaga gona duk kwana goma zuwa sha huɗu, a lokacin cikar kaka duk mako. A tsince 'ya'yan da suka zube kaf, domin su suka fi kowanne mai. Idan ana biyan masu yanka bisa yawan nono kawai, ɗanye za su yanko maka su bar zubabbun. A haɗa biyan da sharaɗin nuna.

Kai da ke sayar da manja ka san wanda ke maƙaƙi a maƙogwaro, da wanda ke wari bayan wata biyu. Ga tushen abin. A cikin tsokar akwai wani sinadari da ke fara farfasa mai zuwa tsami da zarar ɗan ya ƙuje ko ya fashe. Wannan tsamin shi masana'antu ke aunawa da sunan FFA, kuma ba sa son ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Ɗan da ke kan itace lafiya lau bai kai kashi ɗaya ba. A al'adar ƙauye ana sassara nono a tara shi kwana huɗu zuwa mako don 'ya'yan su saki da sauƙi. Aiki yana sauƙi, amma tsami yana haurawa ya ninka iyakar, ga fumfuna. Zafi ne kaɗai ke kashe sinadarin, don haka a turara cikin awa 24, in ya yi tsawo 48. Manyan masana'antu suna turara nono sukutum da tururi mai zafin kusan digiri 140 na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A ƙaramin wuri, a raba nonon gida-gida da gatari, a sa a tanki mai raga a ƙasa yadda ruwa ba zai taɓa shi ba, a rufe, a turara awa biyu ko fiye har tsoka ta riƙa saɓulewa tsakanin yatsu.

Daga nan a kirɓa a matse tun yana da zafi. Idan ya huce man yana yin kauri ya maƙale a zare, kuma a nan yawancin ƙananan injuna suke asara. Ka damƙi tuƙar da ta fito daga matsi: idan tafin hannunka ya yi jawur, kuɗinka ne ke tafiya murhu. Idan kuma kwara tana fitowa a farfashe, matsin ya yi yawa. Ɗanyen man a haɗa shi da ruwan zafi a dafa a hankali awa ɗaya zuwa biyu, a bar shi ya kwanta, a kwashe na sama. Sai mataki na ƙarshe da ake yawan tsallakewa: a sake ɗora man shi kaɗai a wuta marar ƙarfi har ya daina ƙara da kumfa, alamar ruwa ya fita. Ruwan da ya rage a ciki shi ke ci gaba da tsamar da manja a jarka. Kada a bar shi ya yi hayaƙi, launi zai mutu. A tace, a bar shi ya sha iska, a cika jarka mai tsabta busasshiya har wuya, a rufe, a ajiye a inuwa kan katako. Wanda aka yi haka yana kaiwa daga arahar Maris da Afrilu zuwa tsadar ƙarshen shekara ba tare da ya canza ba. Jan rinin da wasu ke zubawa don ƙara launi, wanda ake kira Sudan, guba ne da ake dangantawa da ciwon daji, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Kada ya kusanci kayanka.

Ga lissafin. Gonar ƙaramin manomi da ta samu iri na gari da taki a Kudu, idan ta balaga, ka sa mata tan 10 zuwa 12 na nono a hekta. Manyan gonaki suna wuce haka, wanda bai sa taki ba kuwa rabin haka ma yana wuya. Hekta biyar tan 50 zuwa 60 ke nan a shekara. Babbar masana'anta tana fitar da kashi 20 ko fiye cikin ɗari na nauyin nonon tenera a matsayin mai, ƙaramin inji mai kyau kamar kashi 15, aikin hannu ƙasa da haka. A kashi 15 kana da tan bakwai da rabi zuwa tara. Jarka mai lita 25 tana ɗaukar kusan kilo 22 da rabi, wato jarka 330 zuwa 400 a shekara, daga shekara ta takwas. Ka gwada wannan da abin da kake saye yanzu a kaka ɗaya, za ka ga gonar ƙari ce, ba za ta maye masu sayar maka ba. Akwai kuma kuɗin kwara, wadda ake matse alayyadi daga gare ta, dusarta ta tafi abincin dabbobi. Ƙoƙo da zare makamashin tukunya ne, fankon nono kuma a mayar da shi gindin itace, fotash ne kyauta. Ruwan dattin matsa kada a sake shi rafi, yana kashe kifi yana jawo faɗa da gari. A haƙa masa ramuka ya kwanta.

Injin da ke cin tan ɗaya a awa zai gama nonon gonarka na shekara guda cikin awa 50 zuwa 60, sauran kwanakin yana tsatsa. Don haka a shekarun farko ka kai nononka injin haya da ke kusa, ka tsaya a kan a turara maka a ranar. Sayen naka yana da ma'ana ne kawai idan ka tabbatar da manoman da za su riƙa sayar maka da nono a tazarar da mota za ta kawo shi a yini ɗaya, kana da ruwa wadatacce, kana kuma da kuɗin hannu na sayen nono daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da kusan rabin amfanin shekara yake zubowa. Ranar da za ka saya, kada ka yarda da lambar da maƙerin ya faɗa. Ka kawo nonon tenera nunanne kilo 500 da ka auna da sikelinka, a sarrafa shi a gabanka, a auna man bayan an ƙone ruwansa. Idan bai kai kilo 75 ba, ka nemi wani injin. Ka kuma duba cewa sassan da ke taɓa mai ba su da tagulla, domin tana saurin ɓata manja, sannan ka tambayi inda ake samun dunƙulen matsin, wato ƙarfen da ke juyawa yana matse 'ya'yan, idan ya cinye, tun da shi ne ke fara lalacewa.